Ruwan Baftismar Kawu

Mun tashi daga Katsina da asubar Talata, ina sallame salla na tada mota. Mu uku ne: ni, da wani fasto matashi, da wani dattijo da ya daɗe yana koyar da addini a wata coci daban da ta faston. Kada ku yi mamakin ganin Musulmi da irin wannan tawaga. Mahaifiyata daga gidan Maguzawa ta fito, a wani ƙauye bayan Runka. Ita ta musulunta, yayanta kuma ya zama Kirista da girmansa. Shi ne kawuna. Ɗiyarsa, taubashiyata, ita ta bugo mini waya cewa jiki ya yi tsanani, kuma magana ɗaya yake ta maimaitawa: ba ya so ya mutu ba a yi masa baftisma ba.

A ɗarikar su Kawu, baftisma nutsar da mutum ake yi cikin ruwa, har kansa. Ya gama ajin shirin baftisma tun tuni, amma gulbin da suke yi yana bakin daji, inda 'yan bindiga ke shayar da shanu, kuma fastonsu ya tashi daga ƙauyen tun harin farko. Faston da na ɗauko ɗan ɗarikarsu ne. Na gwada mutum uku kafin shi, kowa ya ce yana da uzuri. Dattijon kuwa abokin Kawu ne tun samartaka, ya ce ko da rarrafe sai ya je.

Hanyar Batsari ba ta da nisa, amma shingaye sun tsawaita ta. Gero ya nuna a gonaki, wani har ya fara kwanciya, babu mai yanka. A cikin gari na ga mata da yara a kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba, an kare ƙofofi da buhuna. Muka tsaya wurin mai shayi. Ƙosan da na sani guda biyar a kuɗin nan, yanzu biyu ne, su ma sun rame kamar masu sayensu.

A nan gardamar ta tashi. Faston ya ce idan baftismar ta gagara, zai kwantar wa Kawu da hankali da labarin Yahaya Mai Baftisma, wanda mu muke kira Annabi Yahaya ɗan Zakariyya. Ya ce shi ya yi wa jama'a baftisma a Kogin Urdun, har da Yesu, amma babu inda Littafinsu ya ce shi an yi masa. Yahaya ya nuna yana buƙata, ba a rubuta ya samu ba, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Dattijo ya ajiye kofi ya ce sam. Mutumin da ke kiran mutane zuwa ruwa ba zai tsaya a bushe ba. Malaman dā sun ce Yesu ya yi masa bayan ya fito daga ruwa, kuma don ba a rubuta abu ba, ba shi ke nan ba a yi ba. Ya ce ko ma ba a yi da ruwa ba, an sare kansa saboda gaskiya, a wurinsu jinin nan baftisma ne.

Mai shayin yana ta fifita wuta kamar ba ya ji. Sai ya ce, "In dai jini ne, Baba, ai a ƙasar nan saura kaɗan a gama da kowa."

Na biya kuɗin shayi. Muka koma mota, suka ɗora daga inda suka tsaya. Ni da nake zaton mu kaɗai ke da rigimar ƙabalu da sadalu, ashe kowane gida da tasa. Na faɗa musu haka, dattijo ya yi dariya, faston bai yi ba.

A Runka muka bar mota a ƙofar wani mai shago, muka nemi 'yan acaɓa. Kuɗin da suka yanka ya ninka na bara, ban yi ciniki ba, don na san ba man fetur suke sayarwa ba, ransu ne. Babbansu ya kafa sharaɗi: ko an gama ko ba a gama ba, kafin la'asar muna Runka. Hanyar ƙasa ce, duk zaizaya, dawa ta yi tsayi hagu da dama har ba ka ganin taku goma. Mun wuce ƙauye biyu babu ko kaza. Tun da muka hau babu wanda ya ƙara ambatar Yahaya.

Kawu na kwance a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Wallahi da a hanya na gan shi ba zan gane shi ba. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, numfashi yana fita da ƙara. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifiyata da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ga fasto ya ce, "Yau dai za a yi ko?"

Gulbi kam ba a ma kawo zancensa ba. Maƙwabta ne suka kawo dabara, kuma duk Musulmi ne, don gidajen Kirista huɗu suka rage a ƙauyen. Akwai kwamin shayar da shanu a bakin rijiya, shanun an kore su tun bara. Maza shida suka ɗauko shi zuwa tsakar gida, mata suka wanke shi suka yi ta jido har ya cika. Fasto ya duba zurfinsa ya ce zai yi. Na ji mutumin nan ya ƙara girma a idona.

Ni da dattijo muka ɗaga Kawu. Ba mu yi taku uku ba tari ya sarƙe shi, idanunsa suka juye, jikinsa ya saki a hannunmu. Taubashiyata ta yi kururuwa ta shiga tsakaninmu da kwamin. "Ku aje shi! Wallahi ba a kashe mini uba cikin ruwan sanyi ina kallo!" Muka mayar da shi tabarma. Da ƙyar numfashin ya daidaita.

Dattijo ya ɗebo ruwa a moɗa ya durƙusa. Ya ce a cocinsu idan rai na hannun Allah, zubawa a ka ta wadatar, kuma kowa na iya yi. Ya miƙa wa fasto moɗar. Fasto bai karɓa ba. Ya ce shi ba haka ya gaskata ba, kuma ba zai yi wa marar lafiya abin da shi kansa bai ɗauka baftisma ba. Ya matso kusa da Kawu ya ce bangaskiya ke ceto ba ruwa ba, ga Yahaya ma ba a rubuta an yi masa ba. Dattijo ya ce an yi masa. Fasto ya ce a nuna masa wurin.

Kawu ya buɗe ido. "To mi ya sa kuka aje ni aji shekara guda, in ba dole ba ne?" Ya huta, ya dubi abokinsa. "Kai kuma, an koya mana yayyafi ba shi ba ne. Yanzu wa zan bi?"

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba hurumina ba ne. Ana haka babban 'yan acaɓa ya leƙo ya ce an hango babura ta yamma, ko mu fito yanzu ko su tafi su bar mu. Fasto ya riƙe hannun Kawu ya yi addu'a da sauri, ya ce ranar Asabar zai dawo, zazzaɓi ya sauka, a ɗumama ruwa a yi yadda ya kamata. Kawu ya ce, "To. Ni ina nan."

Ta Safana muka biyo, don an ce hanyar Batsari ta ɓaci da rana. Mun sayi tsire a bakin kasuwa, har muka iso Katsina yana cikin takardarsa. Duk su biyun na san da gaskiya suke, kuma duk sun sa ransu a hanyar da wasu suka ƙi bi. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa gardamar malamai a gari take da daɗi, inda akwai gobe. A ƙauyen Kawu mutum ba ya yi wa kowa alkawarin Asabar.

Ranar Alhamis da hantsi taubashiyata ta bugo. Kawu ya cika. Ta ce da ta ga alama, ta ɗebo ruwa ta zuba masa sau uku a ka, ta faɗi kalmomin da ta ji ana faɗi a gulbi. Ba ta san ko ya ji ba. Tana kuka ta ce, "Don Allah ka tambayar mini fasto, ya karɓu?"

Na kira shi na faɗa masa yadda ta faɗa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce:

"Ban sani ba. Amma ka gaya mata, ni ya kamata in karɓi moɗar nan."