Ankar da Maigidana Ya Ƙera

Maigidana fataucin shanu yake yi lokacin da muka yi aure. Yana zuwa arewa ya sayo, a ƙetaro da su ta tafkin Yeji a cikin manyan kwale-kwale masu inji, daga nan a loda su a mota zuwa Kumasi. Yana da wani aboki Bafulatani da yake kula masa da shanun a hanya. Tare suke ci, tare suke salla, in sun dawo ma a ɗakinmu na unguwar Aboabo a nan Kumasi yake shan koko kafin ya wuce gida.

Wata tafiya maigidana ya dawo shi kaɗai, ƙafarsa babu takalmi. Sai da ya kwana biyu sannan ya iya faɗa mini abin da ya faru. Suna tsakiyar ruwa inji ya mutu, iska ta taso. Babu abin da za su jefa a ruwa ya riƙe jirgin, haka iska ta yi ta tura su har suka daki kututturen wata bishiya da ke ƙarƙashin ruwa. Jirgin ya fashe. Shi masunta suka tsamo, abokin nasa kuwa sai washegari aka ga gawarsa.

Daga nan bai ƙara komawa kasuwar shanu ba. Yakan zauna a bakin ƙofa daga safe har azahar, in na ajiye abinci ya ci kaɗan ya ture. Ni ce na riƙe gidan da wake da shinkafar da nake sayarwa a bakin titi.

Ran nan na dawo daga wajen sana'a na tarar da tsakar gida cike da tarkace: guntayen rodi, tsohuwar kaca, gwangwanayen fenti, da rabin buhun siminti.

"Alhaji, wannan fa?"

"Anka zan yi," in ji shi.

Ban san kalmar ba, sai ya yi mini bayani. Ƙarfe ne mai nauyi da ake ɗaure wa igiya a jefa a ruwa, ya kama ƙasa, jirgi ya tsaya wuri ɗaya. Ya ce, "Da muna da ita ran nan, da mun jira har iska ta lafa."

Matar da muke haya a gidanta, wata tsohuwa Ba'asantiya, ta ja ni gefe ta ce in kai shi wajen malamai, don mutumin da yake ƙera kayan jirgi a garin da ba tafki ba kogin kirki, kansa ba daidai yake ba. Ni ma na yi wannan tunanin, amma ranar ya cinye tuwonsa tas, saboda haka na ƙyale shi.

Ta farko da ya yi, siminti ya zuba a gwangwanin fenti ya soka rodi a tsakiya. Da ta bushe ya ɗaura igiya, ya ja ta a kan yashin bayan gida. Ta biyo shi sumul, ko tirjewa ba ta yi ba. Ya tsaya yana kallonta, ni kuma dariya ta kuɓuce mini. Ya juyo ya harare ni, can shi ma ya yi murmushi.

Wani dattijo mai walda a unguwar Oforikrom ne ya gyara masa tunani. Ya ce nauyi kaɗai ba ya riƙe komai, sai an yi mata farata. Ya nuna masa yadda ake lanƙwasa rodi huɗu kamar ƙugiya, a liƙa su a jikin guntun ƙarfen ƙafar mota, a sa kaca kafin igiya don ta kwanta a ƙasa. Maigidana, mutumin da bai taɓa riƙe guduma ba, ya zama kullum yana can. Yakan dawo idanunsa jawur saboda hasken walda, in ɗiga masa ruwan sanyi yana ta mita. Riguna biyu masu kyau tartsatsi ya huda masa.

Da ya haɗa guda biyar sai ya ce zai kai Yeji. Na ce ƙafata ƙafarsa, don ban yarda ya tunkari ruwan nan shi kaɗai ba. A bakin tafki ya tsaya nesa da ruwa. Masu jirage suka taru suna ɗaga ankokin suna dariya. Ɗaya ya ce, "Baba, wurin da wannan za ta ci, ai buhun doya zan sa." Maigidana bai yi musu ba. Ya ba su labarin abokinsa daga farko har ƙarshe, a tsaye, cikin rana. Mutum biyu suka ɗauka. Sauran ukun muka bar su wajen limamin masallacin bakin ruwa, ko wani zai so.

A mota muna dawowa ya yi ta kuka a hankali, ya juya fuska wajen taga. Na miƙa masa gefen mayafina.

Bayan damina wani mutum ya yi sallama a gidanmu, ɗauke da buhu a kafaɗa. Ɗaya daga cikin masu jiragen nan biyu ne. Ya zazzage buhun, sai ga anka, farcenta ɗaya ya miƙe, ɗaya ya karye. Ya ce iska ta same su da mata 'yan kasuwa cike da jirgi, ya jefa ta, ta riƙe su har aka zo aka ja su.

Maigidana ya durƙusa yana jujjuya ta, yana shafa wurin da ta karye. Sannan ya ce, "Rodin nan ya yi siriri. Mai kauri zan sa." Ya dube ni ya ce, "Hajiya, a kawo wa baƙo abinci, mu za mu leƙa wajen mai walda kafin la'asar."