Katin Alhaji Sale da Jan Biro

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, can ƙarshen shekarun tamanin, lokacin ina mataimaki a wani asibitin ido da ke hanyar Kawo. Aikina in ɗiga wa masu ciwo maganin da ke buɗe ƙwayar ido, in kuma raba kati. Ƙa'idarmu ita ce, katin da aka ja wa jan biro a kusurwa a kai shi teburin likita, sauran a kai ɗakin tabarau.

Na shekara tara ina wannan aiki aka kawo Bitrus, ɗan kudancin Kaduna. Ni na nuna masa inda ake ajiye auduga. Bai rufa shekara biyu ba aka tura shi kwas, ya dawo da farar riga da 'yar tocilan da ake leƙa cikin ido da ita. Ni ko taɓa ta ba a bari in yi. Duk sanda ya kunna ta sai in kau da kai don hassada.

Ran nan sai ga Alhaji Sale, abokin mahaifina, dillalin hatsi a Hayin Banki. Mutum ne mai jiki ƙwarai, a unguwa da tumbinsa ake misalin arziki. Ya ce rubutun Alƙur'ani yana yi masa dishi-dishi. Na ɗiga masa magani, Bitrus ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce, "Baba, ƙananan jijiyoyin jini na cikin idonka sun matse, har wasu sun fara tsatsar jini. Ƙiba na jawo hawan jini da ciwon suga, su kuma su cinye jijiyoyin nan. A rage jiki, kuma lallai ka ga likita ran Alhamis."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Ido na kawo maka, ka koma kan tumbina? Ko kai kake ciyar da ni?"

Da muka fito baranda ya riƙo hannuna. "Garba, kai namu ne. Me ka gani?"

Na san gaskiya Bitrus ya faɗa, don na sha jin likita na faɗin haka. Amma na ce, "Baba, jiya-jiya ya dawo daga kwas, so yake a san ya yi karatu. Tabarau kawai kake bukata." Na ɗauki katin, da jan biron da Bitrus ya ja masa, na cusa cikin na ɗakin tabarau.

Damina ta zo ta wuce, sai ga Alhaji, ƙaninsa na riƙe da hannunsa. Idon dama ya tafi, na hagu saura kaɗan. Likita ya sa aka nemo katin.

Ya ce, "Bitrus, ka ja jan biro. Me ya hana mutumin nan zuwa gabana?"

Bitrus ya dube ni sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Alhaji ma ya juya fuskarsa gefe. Da zagina suka yi da ya fi min sauƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Aka ba ni takardar gargaɗi, aka mayar da ni sito. Bitrus ne ya riƙa duba idon hagun duk wata, Alhaji ya rage tuwo da mai, ya koma zuwa kasuwa a ƙafa. Idon ya tsaya, yana ganin hanya, amma ba ya ganin rubutu.

Na je gida neman gafara. Ya ce, "Na yafe, Garba. Sai dai karatun da ba na iya yi, kai za ka riƙa yi min." Shekara shida ina karanta masa izu ɗaya bayan la'asar, har Allah Ya karɓi ransa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani mai ciwo ya fi yarda da fuskar da ya sani a kan takarda. Bitrus ne na so in rage wa daraja, amma bai rasa komai ba. Alhaji Sale ne ya rasa ido.