Turakun Kukar Jauro

Idirisu taubashina ne. Babansa da innata ciki ɗaya suka fito, don haka ko da ya girme ni da shekara tara, babu abin da ba na gaya masa. In ce kunnuwansa sun isa a shanya kuɓewar gari duka, shi kuma ya ce ai Nata'ala ba barin makaranta ya yi a aji huɗu ba, allo ne ya gaji da ganinsa. Haka muka taso a Kafin Jauro, kudu da Dutse.

Sana'arsa facin keke, a gindin tsohuwar kukar bakin kasuwa. Duk wanda ya kawo faci sai ya sha tarihi kafin gam ya bushe. A bakin kakarmu Kaltumi ya kwashe shi: yadda Jauro Mammadu ya sauka nan da shanunsa, da inda ƙofar kafin da ya kewaye garin take. Abin alfaharinsa shi ne turaku goma sha bakwai da ke kafe a jikin kukar, waɗanda mai tsaro ke takawa ya hau ya hango mahara tun daga nesa. Kullum da safe sai ya ƙirga su, kamar wani zai sace ɗaya ya sa a miya.

Shekara guda bayan an ba mu jiha, wasu mutum uku suka zo daga birni da kyamara da rikoda, suna tattara tarihin garuruwa. A ranar, Idirisu ya tafi kasuwar Shuwarin sayo tayoyi, ni ke kan bencinsa. Suka tambayi wanda ya san labarin kukar, na gyara hula. A kogonta akwai ƙwaryar furar da matarsa Hindatu kan ajiye masa don kada rana ta taɓa ta. Da suka nuna ƙwaryar, sai bakina ya kama aiki. Na ce ta aljanar kukar ce, kowace Alhamis take sha. Na ce matan da ke neman haihuwa baƙar kaza suke kawo mata, turakun nan kuwa matakalarta ce. Ni dai so nake Idirisu ya dawo ya yi tsalle, in yi dariya.

Ya yi tsallen, na yi dariyar har da riƙe ciki. Amma mutanen sun buga maganata a wani ɗan littafi, da hoton ƙwaryar. Sau uku yana taka keke zuwa birni don a gyara, ana ce masa mai aikin ya fita. In ya dawo sai in tare shi ina kiransa Sarkin Aljanu, ya jefe ni da tsohuwar taya.

Shekara tara aka yi haka. Da aka ƙaddamar da shari'a, littafin ya faɗa hannun wani matashin mai wa'azi, Malam Zuhair, baƙo ne a garin. Ran wata Juma'a bayan masallaci ya tsaya a gindin kukar, samari na bayansa da gatura, ya karanta shafin. Bai yi ƙarya ba, abin da ke rubuce ya karanta. Dattawa suka ce ba su taɓa ganin kaza a wurin ba, aka ce ga shi a takarda. Idirisu ya rantse furarsa ce, samarin suka kwashe da dariya. Sai ya hango ni a cikin taron, fuskarsa ta saki.

"Yawwa, ga mai ƙaryar nan. Ɗan Goggo, gaya musu wasanmu ne."

Idanu suka dawo kaina. Lokacin ana ta maganar bulala, ga shi a sahun gaba nake salla. Ni da ke iya mai da akuya raƙumi, kalma biyar kacal na samu.

"Ni ma ji na yi."

Kwana huɗu suna sara, don kuka ba ta faɗuwa da sauri. Da ta kwanta, Idirisu ya bi jikinta da filaya ya zare turakun ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwanin da yake ajiye noti. Ya koma faci a rumfar kwano. Yanzu gam kan bushe shiru.

Daga baya na je wurin Malam Zuhair na faɗi gaskiya. Ya yi salati, ya ce in nemi gafarar Allah da ta ɗan'uwana. Na nema, Idirisu ya ce ba komai.

Ran cika-ciki, ranar da taubasai ke baje wasa, na shirya masa tsokana tun daga gida, a kan kunnuwan nan. Da ya gan ni sai ya miƙe, ya kakkaɓe benci, ya ba ni hannu biyu.

"Sannu da zuwa, Malam Nata'ala. Ya iyali?"

Na zauna, muka gaisa kamar surukai.