Taswirar da Na Goge a Hanyar Wara

Shanga. Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na fito da sanda a hannu da naɗaɗɗiyar shimfiɗa a hammata. Ta ɗiyata Hadiza ce, malamar makaranta a Wara. Leda ce mai kauri, an ja mata layuka gida-gida kamar na dara. Ana zana taswira a kanta da alƙalamin da ruwa ke gogewa, a jera 'yan jiragen roba, a yi wasan labarin matafiya cikin taurari. Na taɓa ganin irinsa a Jamus, manya da gemunsu sun zagaye tebur. Hadiza ta ƙarar da hutunta tana zana wani birni na duniyar wata, ta manta da shi a gidana, ga shi yau abokan aikinta za su taru su ƙarasa wasan. "Baba, kar ruwa ya taɓa ta," iyakar roƙonta ke nan.

Yelwa. Bakwai da kwata. Na karya da kunu da ƙosai a tasha, na yi awa biyu ina jiran mota ta cika. Gwiwoyina sun fara ƙorafi. A shingen bincike aka tambayi abin da na naɗe, direba ya ce, "Tabarmar tsoho ce, yallaɓai." Muka wuce.

Wani ƙauye a bakin tafki. Sha ɗaya saura, taya ta fashe. An yi yayyafi a hanya, don haka na warware shimfiɗar ƙarƙashin mangwaro in duba. Zanen na nan lafiya. Ina ɗaga kai na ga manoma sun kewaye ni. Wani dattijo ya ce cikin Gunganci, harshen mutanen tsibiran yankin, "Masu awo sun dawo." Ina jin harshen, na gaishe shi da shi, amma bai saki fuska ba.

"Alhaji, irin layukan ga muka gani a takarda kafin ruwan madatsa ya ci tsibirinmu. Gonar wa aka auna?"

"Wasa ne, yayana. Birni ne a duniyar wata."

"Can za a kai mu wannan karon?"

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Na yi bayani da Hausa, na maimaita da Gunganci, a banza. Daga ƙarshe na karɓi buta, na jiƙa hankici, na share birnin titi bayan titi. Ya duƙa ya shafa ledar da yatsa, sannan ya aika aka kawo mini kifi busasshe.

Wara. Ƙarfe ɗaya da rabi. Hadiza ta warware, ta daɗe tana kallo.

"Ruwan sama ne, Baba?"

"Na buta ne." Na ba ta labari.

"Da ni ce ma zan goge," in ji ta. "Amma ka ɗauki hotonsa tukuna, ko?"

Wayata tana aljihuna tun asuba. Ko kaɗan ban tuna da ita ba. Ta girgiza kai, ta cire murfin alƙalami, ta durƙusa.

Gida. Na kwana a ɗakin surukina, mijin Hadiza, washegari na iso Shanga da la'asar, bayana kamar an daka. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da direban da ya jira ni, da Hadiza da ba ta ƙara tayar da maganar ba.