Girkin Hannunta

Da aka kawo ni gidan miji a Nasarawan Doya, tun kafin in gama sanin dangin maigida na san ciyayya. Duk matar da ta sauke tukunya da yamma sai ta zuba wa maƙwabta a kwano ta aika, su ma in sun sauke su aiko mata. Ba don yunwa ake yi ba. Kuma ko tuwo ya yi miki yawa a gida, ba kya mayar da kwanon maƙwabciya da abincinta a ciki, don yin haka daidai yake da ki ce kin yanke zumunci.

Katanga ɗaya ce tsakanina da aminiyata. Na girme ta, shi ya sa take ce mini Yaya. Mu ko aike ba ma yi, turmi take takawa ta miƙo mini kwano ta saman katanga. Allah ya yi mata hannun girki, dambunta na zogale kam ba ni da bakin kwatanta shi.

Mijinta direba ne, yana ɗaukar rake da mazarƙwaila daga Makarfi zuwa kudu. Ya daɗe yana jinya, yau sauƙi gobe kwanciya, wasu su ce shawara, wasu su ce sammu, har Allah ya karɓi abinsa. Tana cikin takaba ita ma jiki ya fara ƙi. Da ta fita na raka ta asibiti aka ɗebi jini, kuma ita ta roƙa a bar ni in shiga tare da ita. Ina zaune ma'aikaciyar ta gaya mata tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda mutane ke kira ƙanjamau. Ni na yi tambayoyin. Na ce, to mu da muke cin kwano ɗaya fa? Matar ta ce ba a ɗauka ta abinci, ko moɗa, ko gaisawa. Ta jini ake ɗauka, da kwanciyar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri in ba a kula ba. Ta ce in dai ta riƙe maganinta kullum ba fashi, tana cin abinci, za ta rayu kamar kowa.

Ta kuwa riƙe. Jiki ya dawo, kumatu suka ciko. Sai ƙanin marigayin ya ce zai aure ta don ya riƙe marayu. Ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya, don ba ta son ta cuce shi. Shi kuma ya gaya wa matarsa, kafin ranar kasuwa ta zagayo babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Babu wadda ta tare ta da ita. Mu nan ba a haka, kunya ba ta bari. Kwanonta zai shiga gida, a karɓa da hannu biyu, a ce an gode Allah ya ƙara buɗi. Yaron da ya kawo na juya baya a juye wa awaki, a wanke kwanon da toka da tafasasshen ruwa, a zuba nasu a aika mata. In an haɗu a gidan suna har da cewa, kai, miyar jiya ta yi daɗi! Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa.

A gidanmu ma Inna, uwar mijina, ta kira ni ta ce in karɓa in gode, amma kada jikokinta su taɓa.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, da kunnena na ji a asibiti, ba a ɗauka ta abinci."

Ta ce, "In suka kamu, asibitin ne zai haifo mini wasu?"

Na hana yara, amma nawa kam ina shiga ɗaki in cinye abina.

Ina Hunkuyi wajen bikin 'yar yayana asiri ya tonu. Akuyar aminiyata ce ta tsinke ta faɗa wani gida, ta bi ta. Tana shiga ta ga dambunta a kaskon awaki, da zogalensa da mansa, ko cokali ba a sa ba. Ta ja akuyarta ta fita.

Da na dawo na lura babu hayaƙi a gidanta. Ko mayafi ban cire ba na zagaya. Murhu ya yi sanyi, ga kwanukan maƙwabta jere a ƙofar ɗaki, yara sun ci sun bar saura. Tana kwance ta ba ƙofa baya, ta zube kamar ba ita ba. Na ɗauki robar maganin na girgiza, na ji ta da nauyi.

Na ce, "Ke, daina sha kika yi? Kashe kanki za ki yi ki bar wa wa yaran nan?"

Ta ce, "Yaya, ki bar ni. Ashe duk wutar da nake hurawa awakin gari nake ciyarwa."

Na ce bari in je gida in dama mata kunu. Sai ta juyo ta dube ni.

"Kowa ba ni yake yi, kamar mabaraciya. Nawa ne ba a ci. Ke ma ɗin, Yaya, ban sani ba. A bayan katanga kike."

Wallahi da mari ta ɗauke ni da ya fi mini sauƙi. Na buɗe baki zan rantse, sai na tuna waɗancan ma sun iya daɗin baki. Na fita na jawo tabarma na shimfiɗa a tsakar gidanta, na zauna na miƙe ƙafa.

Na ce, "To tashi ki dafa mini. Na sha hanya, yunwa nake ji, kuma ba inda za ni."

Ta yi banza da ni. Ni ma na yi zamana, rana tana dukana. Can ta fito tana dafa bango. Ina kallo tana hura wuta tana tari, na danne zuciyata ban taya ta ko da miƙo itace ba. Ban taɓa zama mai wuya irin wannan ba. Inna ta ƙwala mini kira ta bayan katanga, na amsa yadda duk unguwa za ta ji: "Ina nan, Inna, abinci nake jira!"

Faten tsaki ta yi da yakuwa. Ta kawo mini a kwano da ludayi, ta koma gefe ta rakuɓe tana kallon maƙogwarona. Na sha, na ƙara, na sake ƙarawa.

A hankali ta ce, "Ya yi?"

Na ce, "Ina fa ya yi! Gishiri ya ƙare a garin ne? Ga tsakin ko nuna bai yi ba. Haka ake yi wa baƙo?"

Ta yi sororo tana dubana. Sai dariya ta kufce mata, dariyar ta juye kuka, ni ma ban san sanda nawa ya zubo ba. Ta matso ta karɓi ludayin daga hannuna ta kai baki.

Ta ce, "Wallahi babu gishiri."

Haka muka yi ta karɓa-karɓa da ludayi ɗaya har muka ga ƙasan kwano. Sannan ta kira babbar 'yarta ta ce ta kawo mata ruwa da robar maganin.

Washegari na mayar da ita asibiti, suka yi mata faɗan fashin da ta yi, ta kuma yi alkawari. Tana nan da ranta, furfura ta fito mata, ta aurar da yarinyar nan har ta goya jika. A cikin matan unguwa wasu sun dawo suna ci, wasu har gobe ba sa ci, kuma babu wadda ta taɓa zuwa ta nemi gafararta.