Gadon Bakin Ƙofa

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar nan ba za ta fita daga raina ba. Har yau in na shaƙi warin asibiti sai ta faɗo min a rai.

Ban daɗe da gama sakandare ba ciwon sugan Inna ya tashi, muka ɗauko ta daga Gwadangaji zuwa asibiti, aka ba ta gado a ɗakin mata. Ni ce mai jinya. Gadonmu na bakin ƙofa ne, kusa da banɗaki. Can ƙuryar ɗakin akwai wata tsohuwa da aka kawo daga Argungu, zazzaɓi ya ci ƙarfinta, sai ɗiyarta ta goya ta in za ta kewaya. Inna ta yi ta kallon su har abin ya ishe ta. Wata rana da hantsi ta ce, "Gwaggo, ki dawo wanga gado. Ni ƙafafuna na ɗaukata." Tsohuwa ta yi ta sa albarka. Nas ɗin safe ta ce ba komai, har ta taya mu kwashe kaya.

Abin da ba mu sani ba, a ɗakin nan da lambar gado ake bin mutum da magani. Ta safe ta tashi aiki, ba ta gaya wa ta rana an yi musaya ba.

Na fita sallar azahar, na biya na sayo wa Inna abinci. Ina dawowa ta ce, "Barci ya ɗauke ni. Yau ba a yi min allurata ba, ko sun mance da ni?" Na waiwaya gadon bakin ƙofa. Gumi ya jiƙe tsohuwa sharkaf, hannunta na karkarwa, ɗiyarta na mata fifita tana murna. "Tun da anka yi mata allura ta samu barci," in ji ta. "Baiwar Allah, ko kunu ba ta sha ba tun jiya." Na san wannan gumin, na taɓa ganinsa a jikin Inna ranar da aka yi mata allurar suga ba ta ci komai ba.

Da gudu na kira nas. Ta dubi gadon, ta dubi Inna a ƙurya, ta dafe ƙirji. Aka kira likita, aka sa ruwa, suka yi iya ƙoƙarinsu. Tsohuwa ba ta farfaɗo ba. Washegari da safe ta cika.

Inna ta yi ta kuka tana cewa ita ta kira ta gadon. Ɗiyar ta zo ta durƙusa, ta riƙe hannuwanta. "Haba Inna, alheri kinka yi muna. Kwananta ne ya ƙare." Ba ta tambayi kowa komai ba. Har nas ɗin ta yi wa godiya, nas ɗin kuwa ta shige bayan labule tana sharar hawaye.

Wata Kirista mai shago a Nassarawa, da ta daɗe tana jinyar ƙanwarta a ɗakin, ta ja ni gefe. "Yarinya, ki buɗe ido. Yawancin waɗanda na ga an fitar da gawarsu daga nan, bayan canjin aiki abin yake farawa. Sai a ce kwana ya ƙare, kowa ya naɗe tabarmarsa."

An sallami Inna, amma har yau tana sa tsohuwar nan a addu'a. Ban taɓa shakkar ƙaddara ba, kuma ban riƙe nas ɗin a zuci ba, don na ga yadda mutum ɗaya ke fama da ɗaki guda. Sai dai na koyi cewa kunya ba ta da wuri a gefen gadon mara lafiya. Duk wanda ya nufo nawa da allura, sai na faɗa masa sunan mai jikin, na tambaye shi ta mece ce. Muryata na rawa, amma ina tambaya.