Mai Yi Mana Yanka

Ƙaurin babbakar akuya a kasuwar Yankara ya tuno mini da tsohon limamin ƙauyenmu. Mu Maguzawa ne, shi yake yi mana yanka don maƙwabta Musulmi su ci naman bikinmu.

Zamanin da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, ranar auren ƙanwata, wasu samari masu zafin addini suka kewaye gidanmu da sanduna suna kabbara. Ina danne da akuya. Malam ya yi tasa kabbarar a hankali, ya yanka, ya ce, "Ta halatta. Ku zauna a dafa maku."

Ba su zauna ba, amma sanduna sun sauka.

Har yau in na ji kabbara gabana faɗuwa yake: tasu ce ko tasa? Allah Ya haskaka kabarinka, Malam.